An Yi wa Baba Aiki, Fitsari Ya Saki, Amma Saura Gwajin Jini

'Yan'uwa manoma, akwai wani ciwo da yake damun dattawanmu maza da yawa, amma kunya ta hana a yi maganarsa a taron ƙungiya. In mutum ya wuce shekara 50 ko 60, sai ya ga yana tashi fitsari sau huɗu ko biyar da dare. In ya tsuguna kuwa, fitsarin ba ya zuwa da ƙarfi, sai ɗigo ɗigo. Wata rana ma yakan tsaya cak, sai an kai mutum asibiti an sa masa roba.

Abin da yake kawo wannan wata 'yar gaɓa ce da likitoci suke kira furostet. Maza kaɗai ke da ita. Girmanta kamar goro guda, tana ƙarƙashin mafitsara, ta kewaye hanyar fitsari. In shekaru suka yi yawa sai ta ƙara girma, ta matse hanyar. Wajen rabin mazan da suka kai shekara 60 suna da wannan kumburi. Ba sammu ba ne, ba kuwa horon zunubi ba ne. Kumburin kansa ma ba ciwon daji ba ne.

In magani ya kāsa, sai aiki. Akan tsaga mara a cire, ko kuwa a bi ta hanyar fitsari a kankare. Akwai kuma aikin leza, wato wani haske mai ƙarfi da yake yanka nama ba tare da zubar jini da yawa ba. Likitocin ƙasar Niyu Zilan ne suka fito da hanyar ƙwaƙule furostet da leza a shekarun 1990. Ana yinsa a manyan birane kamar Legas da Abuja, waɗansu kuma 'ya'yansu sukan kai su Indiya. Kuɗinsa da yawa. Sau da dama sai an sayar da sa ko buhunan masara, ikilisiya kuma ta yi baiko.

To, ga ra'ayina. Ƙungiyar da ta taimaki ɗan'uwa da kuɗin aiki, amma ba ta tanadi kuɗin gwajin jini na bayan aiki ba, ta yi rabin taimako ne.

Dalili kuwa shi ne, aikin ba ya cire furostet duka. Ku ɗauki misalin lemo. Likita yakan ƙwaƙule cikinsa, ya bar ɓawon a jikin mutum. Ciwon daji na furostet kuwa, wajen kashi 70 cikin 100 a wannan ɓawo yake farawa. Yakan yi shekaru ba zafi, ba alama, fitsari kuma yana fita lafiya. Shi ne ciwon dajin da ya fi kama maza a Nijeriya, an kuma tabbatar ya fi kama baƙar fata. Wanda mahaifinsa ko wansa ya yi ciwon, sai ya ƙara lura.

Gwajin jinin da ake yi domin wannan sunansa PSA. Wani sinadari ne da furostet take yi, kaɗan daga ciki yakan shiga jini. An fara amfani da gwajin a Amurka a 1986. Jini kaɗan ake ɗiba a hannu, a rubuta lamba a takarda. Ga yadda za ku fahimci lambar.

Na ɗaya, a makonnin farko bayan aiki lambar takan hau, domin an taɓa wurin. Kada wannan ya tsorata kowa. Likitoci sukan jira kamar wata uku kafin su gwada.

Na biyu, in an ƙwaƙule cikin sosai, lambar takan faɗi da kashi 80 cikin 100 ko fiye, sau da yawa ta koma ƙasa da 1. Akwai irin lezar da ƙone naman take yi, ita ba ta sauke lambar haka sosai. Saboda haka a tambayi likita wane irin aiki aka yi.

Na uku, lambar wata ukun nan ita ce sabon mudu. Da ita za a auna dukan na gaba. Mutane sun saba jin cewa ƙasa da 4 lafiya ne. Wannan na wanda ba a yi wa aiki ba ne. Dattijon da lambarsa ta sauka zuwa 0.6, bara ta zama 1.5, bana 3, bai kai 4 ba, amma lalle ya koma wurin likita, gama hawan ne abin dubawa.

Na huɗu, hawan lamba ba shi ne tabbacin ciwon daji ba. Ciwon sanyin mafitsara ko sa roba yakan ɗaga ta. Maganin finasterayid kuma yakan rage ta kusan rabi bayan wata shida, har ya ɓoye gaskiya. A faɗa wa likita kowane magani ake sha.

Akwai kuma takarda ta biyu. Naman da aka ƙwaƙule akan kai shi ɗakin bincike, wani lokaci a sami ciwon daji a ciki ba da zato ba. Kada a baro asibiti ba a tambayi ranar karɓar wannan sakamako ba. Haka nan a tambayi gwajin yawan jini da na ƙoda, gama fitsarin da ya daɗe yana taruwa yakan taɓa ƙoda.

Na san abin da waɗansu za su ce. Wani zai ce, "Tun da fitsari yana fita, me ya rage?" Amsa ita ce, fitsari bai san labarin ɓawo ba. Wani zai ce kuɗin mota da na gwaji sun yi yawa, ga aikin gona. Gaskiya ne. Wanda aka yi wa aiki a Fabrairu, gwajinsa zai faɗo a Mayu, daidai lokacin shuka. Amma kuɗin gwaji bai kai ko kusa da na aikin da aka riga aka biya ba, ciwon da aka gane da wuri kuwa yana da magani. In ya shiga ƙashin baya, sai dai lallashi. Wani kuma zai ce neman gwaji rashin bangaskiya ne, tun da Ubangiji ya warkar. Ku tuna Luka wanda ya rubuta Bishara likita ne. Manomin da ya yi addu'a domin amfaninsa, ba ya fasa leƙa rumbu ko gara ta shiga.

Saboda haka ina roƙon kowace ƙungiya ta yi abu uku. In za a tara gudummawa, a haɗa da kuɗin komawa asibiti bayan wata uku, da na kowace shekara yadda likita ya tsara. Magatakarda ya rubuta ranar a littafin ƙungiya, in maigidan ya yarda, a kuma riƙe masa asiri. In ranar ta faɗo da damina, matasa su yi masa gayya ya samu ya tafi.

Ku iyayenmu mata da 'ya'ya, ku adana takardun Baba a wuri ɗaya inda ruwa da gara ba za su taɓa ba, kamar yadda kuke adana takardar baftisma. Duk ranar zuwa asibiti a tafi da su duka, tsoho da sabo.

Allah ya ba dattawanmu lafiya da tsawon rai. Amin.