Bayan Trovan: wa zai biya diyya idan riga-kafi ya yi illa?

Uban da ke Palladan ko Samaru, idan ya yi zargin cewa allurar riga-kafi ce ta nakasa ɗansa, hanyar neman diyya da ke gabansa ita ce kotu. Iyalan Kano sun san tsawon wannan hanya.

A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara kusan 200 aka saka a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka kurmance ko suka nakasa. Kamfanin ya dage cewa sanƙarau ce ta yi ɓarnar. Iyalai sun shigar da ƙara a Amurka a 2001, gwamnatin Kano ta shigar da tata a 2007, aka sasanta a 2009 kan dala miliyan 75. Miliyan 35 ne kacal aka ware wa waɗanda abin ya shafa, kuma sai an yi wa mai nema gwajin ƙwayoyin halitta. A Agustan 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowanne, shekara 15 bayan gwajin.

Trovan magani ne, ba riga-kafi ba, amma jama'a ba su tsaya bambancewa ba. Lokacin da Kano ta dakatar da riga-kafin shan inna a 2003, labarinsa na cikin hujjojin da masu ƙin allurar suka riƙe. Yaran da cutar ta shanye daga baya ba su da wanda za su kai ƙara.

Mummunar illa daga riga-kafi ba kasafai take faruwa ba, shi ya sa biyan diyyarta ba zai gagari gwamnati ba. Amurka ta yi doka a 1986 da ta kafa asusu, ana biyan wanda ya cutu ba sai ya tabbatar da sakacin kamfani ba. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi irin wannan tsari ga ƙasashe 92 na shirin COVAX, har da Najeriya, sai dai allurar korona kaɗai ya shafa.

NAFDAC na karɓar rahoton illa, amma rahoto ba ya biyan kuɗin asibitin Shika. Kafa asusun aikin Majalisar Tarayya ne.