Wa Ya Biya Bashin 'Yar Ruwa?

Akwai wata magana da ta kama bakin iyaye a kwanakin nan. Idan yara suka taru a gaban talabijin, ko suka haɗa kai a kan waya, sai a ji ana cewa, "Ai katun ne, na yara ne." Da wannan magana uwa takan koma wurin girki da kwanciyar rai, uba kuma ya fita sha'aninsa. Amma maganar nan ba ta da tushe. Zane mai motsi kamar tukunya yake, abin da aka dafa a ciki shi ne abin tambaya. Domin a gane haka, ya isa a ɗauki fim guda a duba shi da kyau, wato labarin ƙaramar 'yar ruwa, wanda ake kira The Little Mermaid da Turanci, La Petite Sirène kuma da Faransanci. Kamfanin Disney na Amurka ya fito da shi cikin zane a shekara ta 1989, ya kuma sāke yin sa da mutane a 2023.

Fim ɗin nan bai dace a bar ƙaramin yaro shi kaɗai da shi ba. Dalili kuwa shi ne, yana nuna yarinya ta ci bashi a hannun mayya, ta sami dukan abin da take so, wani dabam ya biya.

Labarin asali

Wanda ya ƙago labarin shi ne Hans Christian Andersen, mutumin ƙasar Danmak, an kuwa buga shi a 1837. Mutanen ƙasarsa sun ɗaukaka labarin har suka kafa siffar 'yar ruwan da tagulla a bakin teku a Kwapanhagan a 1913. A labarin Andersen, yarinyar ita ce auta cikin 'ya'ya mata shida na sarkin teku. Sa'ad da ta cika shekara 15 aka yardar mata ta leƙa bisa ruwa, can ta ga ɗan sarki, ta kuwa cece shi sa'ad da jirginsa ya nutse. Kakarta ta faɗa mata cewa 'yan ruwa sukan yi shekara 300, sa'an nan su zama kumfa, gama ba su da kurwa mai dawwama irin ta 'yan adam. Saboda haka abu biyu take nema, ɗan sarki da kuma rai wanda ba ya ƙarewa.

Ta tafi wurin mayyar teku. Mayyar ba ta ɓoye mata kome ba. Ta yanke mata harshe, ta ba ta ƙafafu, ta kuma gargaɗe ta cewa kowane taku zai zama kamar tafiya a kan kaifin wuƙa, in kuwa ɗan sarki ya auri wata, kashegari za ta zama kumfa. Haka kuwa ya faru, ɗan sarki ya auri wata. 'Yan'uwanta mata suka ba mayyar gashin kansu, suka karɓo wuƙa, suka ce in ta kashe shi za ta koma 'yar ruwa ta rayu. Ta tsaya a kansa yana barci, ta kāsa, ta jefa wuƙar cikin teku, ita ma ta bi ta.

Wannan labari ma ba na ƙananan yara ba ne. Ƙarshensa kuma, inda aka ce za ta sami kurwa bayan aikin kirki na shekara 300, ba koyarwar da mai bi zai amince da ita ba ce, gama ba a sayen rai madawwami da aiki. Duk da haka Andersen ya riƙe gaskiya guda wadda kowace kaka ta sani, wato kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Yarinyar ta yi ciniki, ita ce kuwa ta biya.

Abin da aka yi da shi a silima

A fim na 1989 an raɗa wa yarinyar suna Ariel, shekarunta 16. An cire zancen kurwa ɗungum. Abin da ya rage shi ne sha'awar duniyar mutane da kuma saurayi mai suna Eric, wanda ta gani sau ɗaya tak a kan jirgi, ba su taɓa yin hira ba. Mahaifinta, Sarki Triton, ya hana ta. Sai ta tafi wurin mayya Ursula, ta sa hannu a takardar alkawari, ta ba da muryarta. Sharaɗin shi ne saurayin ya sumbace ta kafin rana ta faɗi a kwana na uku, in ba haka ba ta zama mallakar mayya.

Kwana uku suka cika, ba a yi sumbar ba. A nan ne ya kamata mai kallo ya buɗe ido. Mahaifin ne ya zo ya sa sunansa a maimakon nata, ya rasa sarauta, aka mai da shi wata ƙanƙanuwar halitta abin tausayi. Saurayin ne ya soke mayyar da goshin jirgi. Bayan ƙura ta lafa, mahaifin nan dai shi ne ya ba ta ƙafafu, aka ɗaura aure, aka yi ta kiɗa. Muryarta ta dawo, saurayi ya zama nata, uba ya sa albarka. Ta roƙi gafara a taƙaice sa'ad da abin ya ɓaci, amma babu abin da ta rasa har ƙarshe.

Yaran makarantar Lahadi sun san labarin Isuwa, wanda ya sayar da matsayinsa na ɗan fari saboda abinci kwano ɗaya, daga baya ya yi kuka bai sāke samun sa ba. Ran Lahadi da safe a koya wa yaro wannan, da yamma kuma a zaunar da shi gaban labarin da ke nuna cewa abin da aka sayar yakan dawo da riba. Wanne zai fi zama a zuciyarsa? Malamar makarantar Lahadi tana da allo da murya kaɗai. Fim ɗin kuwa yana da launi da kiɗa mai daɗi ƙwarai, har kiɗan nasa ya ci lambar Oscar guda biyu. Yaro yakan kalle shi sau goma bai gaji ba.

Hujjojin masu kāre shi

Waɗansu sukan ce, ai hukumar tace finafinai ta Amurka ta ba shi alamar G, wato kowa na iya kallo. Gaskiya ne an ba na 1989 wannan alama. Na 2023 kuwa alamar PG aka ba shi, ma'anarta iyaye su lura, saboda wuraren ban tsoro. Amma masu sa wannan alama iyaye ne mazauna Amurka, abin da suka fi dubawa kuwa shi ne zagi, da tsiraici, da zub da jini, da miyagun ƙwayoyi. Ba aikinsu ba ne su auna darasin labari, balle su auna shi da ma'aunin gidan da ke Maraɗi ko Garwa ko zangon Kumasi.

Bambancin kuwa babba ne. Yarinya a Amurka ta san babu mayyar teku, da an kashe talabijin Ursula ta ƙare. Yarinya a ƙasar Hausa kuwa tana iya nuna ƙofar boka a unguwarsu. Ta ji ana zancen maganin farin jini da na mallakar miji, ta kuma ji labarin 'yan ruwa daga bakin masunta ko kakanni, ba a matsayin wasa ba. A gare ta, zuwa wurin mai tsafi domin a sami zuciyar namiji abu ne da manya suke yi da gaske. Fim ɗin ya nuna mayyar muguwa ce, haka ne, amma ya kuma nuna cewa hanyar ta ɓulle. In da Ariel ba ta je wurinta ba, da ba ta auri ɗan sarki ba. Yaro ɗan shekara shida ba ya bin dogon bayani, ƙarshen labari yake riƙewa.

Haka nan zancen shekaru. Amarya 'yar shekara 16 a cikin zane abin murmushi ne a ƙasar da irin wannan aure ya yi ƙaranci. A Nijar kuwa, bisa ga lissafin UNICEF, wajen uku cikin kowane 'yan mata huɗu sukan yi aure kafin su cika 18. Iyayen da suke fama su ga 'yarsu ta gama makaranta ba su bukatar labarin da yake nuna mata cewa iyakar burin yarinya shi ne ranar biki.

Waɗansu kuma sukan ce, ai sabon na 2023 an gyara shi. An yi gyara kam. An cire baitocin da mayyar take cewa maza sun fi son mace mai shiru. An canja kalmomin waƙar sumba domin a nuna sai da yardar yarinya. A ƙarshe kuma Ariel ce da kanta ta tuƙa jirgin da ya hallaka mayyar. Wannan gyara shi kansa shaida ne, gama masu fim ɗin sun yarda da hannunsu cewa akwai abin gyara a cikin abin da yara suka yi shekara 34 suna kallo da sunan "na yara ne". Amma ginshiƙin bai motsa ba. Har yanzu yarinya ta ba da muryarta ga mayya, har yanzu uba ne ya miƙa kansa a madadinta, har yanzu ta sami kome. Bugu da ƙari sabon ya wuce sa'a biyu, alhali tsohon bai kai sa'a ɗaya da rabi ba, dodannin ciki kuma sun fi kama da gaske. An yi ta gardama a ƙasashen Turawa a kan launin fatar Halle Bailey, baƙar fatar da ta fito a matsayin Ariel. Wannan gardama ce ta banza, yarinyar ta iya waƙa, ta kuwa yi aikinta. Launin fata bai canja darasin labari ba.

Hujja ɗaya ce take da nauyi. Masu ita suna cewa uban ma yana da laifi. Wannan gaskiya ce. Triton bai zauna ya saurari 'yarsa ba. Da ya gano kogon da take tara kayan 'yan adam, sai ya farfashe su duka cikin fushi, daga nan ne kuwa ta nufi gidan mayya. Uba mai tsawa wanda ba ya sauraro yakan tura 'yarsa hannun mai daɗin baki. Wannan darasi ne mai kyau ƙwarai, amma na uba ne. Shi ne ya kamata ya zauna ya kalla ya yi tunani a kan gidansa. Abin mamaki, shi ne kuwa yakan miƙa wayar ya fita.

Masu haramtawa ma sun kauce

Akwai kuma waɗanda da sun ga wutsiyar kifi sai su ce aljana ce, su fasa faifai, su hana ambatonsa. Niyyarsu mai kyau ce, amma sun bi sawun Triton ba su sani ba. Yaron da aka hana a gida zai kalla a gidan maƙwabta ko a wayar abokinsa, ba tare da babba kusa ba. Tatsuniya kuma ba baƙuwa ba ce a gidan Bahaushe. Gizo maƙaryaci ne, mai haɗama, Dodo yana haɗiye mutane, duk da haka ba wanda ya lalace saboda ya ji su. Dalili kuwa, kaka ce take ba da labarin. Tana duban fuskokin jikokinta a farin wata, in ta ga ƙarami ya tsorata ta sassauta, in ta ga babba yana sha'awar wayon Gizo ta tabbata Gizo ya sha kunya kafin a ce ƙurunƙus. Waya ba ta ganin fuskar yaro. Abin da za ta nuna wa ɗan shekara 15 shi za ta nuna wa ɗan shekara huɗu.

Abin da ya wajaba

Ƙananan yara waɗanda ba su iya rarrabe tatsuniya da gaskiya ba tukuna, a jinkirta musu wannan fim. Ba abin da za su rasa, za su kuwa tsira daga mugun mafarki. Waɗanda suka yi wayo, a kalla tare da su, bayan uwa ko uba sun riga sun kalla su kaɗai daga farko har ƙarshe. In an gama, kada a yi musu dogon wa'azi, a yi musu tambaya. Me Ariel ta sani game da Eric kafin ta ba da muryarta? Me ya sa mayyar ta zaɓi murya, ba ta zaɓi gashi ko zobe ba? In da uban bai zo ba, ina za ta kasance? Wa kuma za ta iya zuwa wurinsa da damuwarta in ba mayya ba? Sa'an nan a ba su labarin Andersen da baki, daidai ƙarfinsu, a bar su su gwada ƙarshen biyu su faɗi wanda ya fi kama da abin da suke gani a unguwa.

Tambayar murya ita ce ta fi muhimmanci ga 'ya mace. Yarinyar da ba ta da murya ba za ta iya faɗin sunanta ba, ba za ta iya cewa a'a ba, ba za ta iya kiran taimako ba. Duk wanda ya bukaci ta yi shiru, ko ta ɓoye wa iyayenta, kafin ya ba ta abin da take so, cinikin Ursula yake yi da ita, ko da a ce yana sanye da kaya masu tsabta. Uwar da ta sa 'yarta ta gane wannan ta ci ribar fim ɗin. Zumuntar mata da malaman makarantar Lahadi za su iya taimakon iyayen da ba su jin Turanci ko Faransanci, su kalla tare, su fassara musu abin da 'ya'yansu suke ji.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kamfanin da ya yi fim ɗin ciniki yake yi, ya kuwa sami kuɗinsa, gama na 2023 kaɗai ya tara fiye da dala miliyan 500. Ba shi aka ba amanar yaran ba. A cikin fim uba ya biya bashin 'yarsa ya kuma sami sarautarsa daga baya. A zahiri kuwa yarinyar da ta yi irin wannan ciniki ita take biya, wani lokaci har iyakar ranta, iyayen da suka ce "ai katun ne" su kuma su zauna suna kallo ba yadda za su yi.