LAFIYA UWAR JIKI: Atunin da ba ya jin bagaruwa

A ƙasar Madarumfa, daga Gabi har Ɗan Isa, in ciki ya ɓaci daji ake fara nufa. Wani ya jiƙa bagaruwa. Wani ya dafa ganyen sabara ko na gwaba. Waɗannan itatuwa suna da amfani. Abin da ke ɗaure fata a majema, shi ne ke ɗaure cikin mai shan bagaruwa. Amma tsai da gudawa dabam, kashe ciwo dabam.

Atuni, wato kashi da jini da majina, ba iri ɗaya ba ne. Akwai na ƙwayoyin cuta, wanda ake ɗauka daga ruwan tabki ko na gulbi in ba a tafasa ba. Shi wannan yana warkewa da maganin likita.

Akwai kuma na gyambon hanji. Shi ba a ɗaukarsa daga kowa. Jikin mutum ne da kansa ke cin hanjinsa. Yakan lafa, ya sake tashi, wata da watanni. Mai shi ya rame, jini ya ƙare masa, har hauya ta gagare shi. In ya dogara ga jiƙo kaɗai, gyambon yana nan yana ci a ɓoye.

A ƙasar Japan, cikin shekarar 2006, masana sun gwada sinadarin gangamau ga masu wannan gyambo. Ya taimaka, amma tare da maganin asibiti aka ba su, ba shi kaɗai ba.

To, ga abin yi. Wanda ya ga jini cikin kashinsa, babba ko yaro, ya tafi gidan likita a auna. In ciwon yana komowa, ya nemi a tura shi asibitin Madarumfa ko na Maraɗi. Ya faɗa wa lokotoro kowane icce ya sha, kada ya ɓoye.

Kafin ya isa, a tafasa ruwa lita 1, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali, ya riƙa kurɓa. Kada ya bar cin abinci. Ya kiyayi ƙwayoyin ciwon jiki na ƴan tebur, don waɗansunsu suna tayar da gyambon.

Jama'a, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba mu lafiya, amin.