RA'AYINMU: Alƙalamin Ɗalibi, Na Aiki Ko Na Ado?

Kowace shekara, da zarar kuɗin alawus sun shigo hannu, sai mu ga waɗansu 'yan'uwanmu ɗalibai sun sayo wani zungureren alƙalami mai ƙyalli sun soke a aljihun kaftani, wai don a san an zo jami'a. Kafin zangon karatu ya ƙare, ko dai ya ɓata riga da tawada, ko kuma ya koma ƙasan akwati. Mu a wannan mujalla muna ganin alƙalami kayan aiki ne, kamar fartanya ga manomi, don haka wajibi ne a zaɓe shi da hankali.

Ba mu raina biro ba, wanda ya samo sunansa daga László Bíró, mutumin Hungary da ya yi rajistar ƙirƙirarsa a 1938. Sai dai shi biro sai an danna, in ya ƙare kuma a yar. Alƙalami mai shan tawada kuwa, da bakinsa ya taɓa takarda tawada ke gangarowa da kanta, saboda haka hannu ba ya saurin gajiya. Wanda ya taɓa yin awa uku yana rubuta jarrabawa ya san darajar wannan.

To, wane iri ya dace da mai zirga-zirga tsakanin ɗakin kwana, lacca da laburare? Amsarmu ita ce gajere, wanda in an rufe zai nutse cikin aljihu, in an maƙala murfin a bayansa ya cika hannu. Misali shi ne Kaweco Sport na Jamus: a rufe santimita 10 da rabi ne, da murfi a baya kuwa ya kai wajen 13.

A dubi murfin da kyau. Wanda ake murɗawa ya fi wanda ake turawa, gama ba ya suɓucewa, kuma iskar hunturu ba ta saurin busar da bakin. A zaɓi baki siriri, mai alamar F, domin takardar da muke samu mai araha ce, baki mai kauri sai ya sa tawada ta baje. Na ƙarfe ya isa, ba sai na zinariya ba. A nemi wanda ake iya ɗura wa tawada daga kwalba. Gani ya kori ji: kada a biya sai an gwada, don wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Gajeren alƙalami yana da aibinsa: cikinsa ƙarami ne, dole a cika shi kafin a shiga jarrabawa, a riƙe biro na ko-ta-kwana. A aljihu bakin ya dubi sama, domin zafin rana na kumbura iskar da ke ciki ta turo tawada waje. Tawadar allo kuma, saboda ƙaron da ke cikinta, toshe shi za ta yi. A bar ta a kurtunta.

'Yan'uwa, kuɗin nan gumin iyayenmu ne da na talakawan ƙasar nan. Malami ba zai tambayi tsadar alƙalaminmu ba, abin da muka rubuta da shi zai duba. Ƙaramin goro ya fi babban dutse. Allah Ya ba mu sa'a.