Ɓaunar Yankari da cutar garke

Tun 2006 dajin Yankari ya koma hannun gwamnatin jihar Bauchi, don haka lafiyar giwa da ɓauna da gwankin cikinsa amana ce a wuyanmu. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne shanun da ake kutsawa da su da rani, su sha ruwan kogin Gaji tare da namun dawa. A nan cuta ke tsallakawa. Annobar bushiya ta 1983, wadda cutar shanu ce, ba ta bar ɓauna ba. Amma ban ga laifin makiyayin da aka nome burtalinsa ba. A haƙa masa mashaya a wajen dajin, a yi wa garkensa rigakafi kyauta, a riƙa biyan masu gadin daji albashinsu kan lokaci.