Wa ya ga lokacin da aka tatsi saniyar? Yadda kofin madara ke raba mata da miji a gidajen Yahudawa

A watan Afrilun 2025 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka, FDA, ta dakatar da wani shirinta na auna ƙwarewar ɗakunan binciken da ke gwada ingancin madara. Matakin ya biyo bayan zaftare ma'aikata da gwamnatin Donald Trump ta yi a ma'aikatar lafiya, inda aka sanar da rage mutum 10,000, kimanin 3,500 daga cikinsu na FDA ne.

Mafi yawan waɗanda suka ji labarin, abin da ya faɗo musu a rai shi ne ƙwayoyin cuta. Amma a unguwannin Yahudawa masu riƙo da addini a New York da New Jersey, tambayar da ta tashi daban ce: shin madarar da ake saye a kanti tana nan a kan halaccinta?

Ba tambayar banza ba ce. Shekara 70 ke nan da ɗoriya dubban gidajen Yahudawa a Amurka ke shan madarar kanti bisa wata fatawa guda, ita kuwa fatawar a kan sa idon gwamnati ta dogara. Akwai kuma gidajen da ba su taɓa karɓar ta ba. Inda abin ya fi zafi shi ne gidan da aka haɗa aure tsakanin ɓangarorin biyu.

Asalin dokar

A dokokin abincin Yahudawa, waɗanda ake kira kosha, nonon dabba yana bin hukuncin dabbar ne. Saniya da akuya da tunkiya halal ne, don haka nononsu ma halal ne. Alade da doki da jaki da raƙumi kuwa haramun ne. A nan suka sha bamban da Musulmi, domin nonon raƙuma da ake sha hankali kwance a Agadas ko Makka yana cikin ainihin abin da Bayahude ke gudun a gauraya masa.

Saboda wannan tsoro, littafin Mishna, wanda aka tattara wajen shekara ta 200 Miladiyya, ya hana shan madarar da wanda ba Bayahude ba ya tatsa ba tare da wani Bayahude ya gani ba. Madarar da aka tatsa a gaban idon Bayahude ita ake kira Halab Yisra'el. Wanda ya san Larabci zai ji ƙamshin kalmar "halib" a ciki. Shulhan Aruk, babban littafin fiƙihun Yahudawa na ƙarni na 16, ya tabbatar da hukuncin.

Tun daga nan malamansu suka rabu a kan wata tambaya: idan dalilin doka ya gushe, ita dokar tana nan? Hezekiah da Silva, malamin ƙarni na 17, ya ce a garin da ba a tatsar haramtattun dabbobi babu abin tsoro. Moses Sofer na Pressburg, wanda ya rasu a 1839, ya ƙi yarda. A wajensa, abin da magabata suka zartar ya zartu, ko da akwai raƙuma a gari ko babu.

Fatawar 1954

Moshe Feinstein, wanda aka haifa a 1895 a yankin da yanzu ke cikin Belarus, ya isa New York a 1937 ya zama babban mai ba da fatawa na Yahudawan Amurka. A 1954 ya ɓullo da wata hanya ta uku. Bai ce dokar ta gushe ba. Cewa ya yi sani na yaƙini daidai yake da gani da ido. Tunda gwamnati na bincikar kamfanonin madara, kuma duk wanda aka kama ya zuba nonon wata dabba a madarar saniya zai sha tara, ko ma a rufe shi, to tamkar Bayahude na tsaye ne a wajen tatsar.

Wato jami'in gwamnati ya zama idon addini. Irin wannan madara ita ake kira halab stam, ma'ana madara kawai.

Sai dai Feinstein bai tsaya nan ba. Ya ƙara da cewa mai tsantseni ya fi dacewa ya nemi wadda Bayahude ya sa wa ido, shi kansa ma ita yake sha. Wannan ƙari shi ne tushen rigimar da ake yi har yau, domin kowane ɓangare na iya buɗe littafinsa ya nuna layin da ya goyi bayansa.

Ƙungiyar Orthodox Union, wadda tambarinta na OU ya fi kowanne yawa a kan kayan abinci a Amurka, tana bin sassaucin. Hukumar Star-K ta Baltimore kuwa ba ta sa babban tambarinta a kan kayan madara sai na Halab Yisra'el, sauran tana ba su wani tambari daban, Star-D. Mabiya ɗariƙun Hasidi, ciki har da Chabad, ba sa kusantar madarar kanti ko kaɗan. Wasunsu ma ba batun raƙumi suke yi ba, suna ganin madarar da ba a sa wa ido ba tana dusashe imani a zuciya.

Sassaucin bai shafi cuku mai tauri ba, wanda ke da tasa doka saboda sinadarin daskarar da madara da a da ake cirowa daga cikin ɗan maraƙi. Man shanu kuma an daɗe ana yi masa rangwame a wasu al'ummomi, bisa fahimtar cewa nonon haramtattun dabbobi ba ya kaɗuwa ya ba da mai.

Da labarin FDA ya bazu, Orthodox Union ta fito ta kwantar da hankula. Bayaninta shi ne shirin da aka dakatar na gwada ɗakunan bincike ne, ba shi ne ziyarar da jami'ai ke kai wa gonaki da masana'antu ba, wadda galibi jihohi ne ke yin ta, kuma ba a daina ba. Hujjar na da ƙarfi. Amma ta nuna abin da masu tsauri suka daɗe suna faɗa: hukuncin da aka ɗora a kan kasafin kuɗin gwamnati, duk ranar da aka taɓa kasafin sai ya girgiza.

Ba wannan ne karon farko ba. A 1994 an gano cewa shanu da dama a gonakin Amurka ana yi musu wata tiyata idan ɗaya daga cikin tumbinsu ya goce daga mazauninsa, kuma a wasu lokuta akan huda tumbin. A fiƙihun Yahudawa dabbar da aka huda wa irin wannan gaɓa tana iya haramta, ita da nononta. Manyan hukumomi sun ce madarar kanti na nan halal, gonakin Halab Yisra'el kuwa suka riƙa fitar da irin waɗannan shanu daga garkensu. Tun daga lokacin masu tsauri suka samu hujja ta biyu.

Idan aure ya haɗa su

Binciken cibiyar Pew na 2020 ya nuna kashi 17 cikin 100 ne kacal na Yahudawan Amurka ke kiyaye kosha a gida. Rigimar madara tana cikin wannan ƙaramin da'ira ne, tsakanin mutanen da dukkansu ke raba tukunyar nama da ta madara, suke kiyaye ranar Asabar. Wanda ke waje zai ga kamar ana faɗa ne a kan ƙwayar gero. A ciki kuwa, tambaya ce da masu dalilin aure ke yi tun kafin saurayi ya ga budurwa, domin amsar tana nuna irin gidan da mutum ya fito da irin makarantar da zai kai 'ya'yansa.

Ƙa'idar da aka gada ita ce mace na bin al'adar gidan mijinta. Malamin birnin Aljas na ƙarni na 15, Shimon Duran, ya faɗi haka, Feinstein ma ya kwatanta amarya da wanda ya yi ƙaura zuwa sabon gari, wanda zai ɗauki al'adun garin, masu sauƙi da masu tsauri. Ovadia Yosef, babban malamin Yahudawan Gabas da ya rasu a 2013, yana kan wannan ra'ayi.

A bisa wannan, budurwar da ta tashi tana shan cakulan Hershey's da askirim na Häagen-Dazs, idan ta auri ɗan Chabad, ta yi sallama da su. Ita kuma wadda ta tashi a gidan tsauri ta auri mai sassauci, an ba ta damar sassautawa, kodayake wasu malamai kan ce sai ta je gaban mutum uku an warware mata abin, kamar yadda ake warware bakance, domin kyakkyawar ɗabi'ar da aka daɗe a kai tana ɗaukar nauyin alwashi.

To amma ƙa'idar tana magana ne a kan al'adar al'umma ko ta zuri'a. Idan tsantsenin na maigida ne shi kaɗai, wanda ya ɗauko daga makaranta ko daga wani malami, shin yana da ikon ɗora wa matarsa? Malamai da dama sun ce a'a. Sukan kafa hujja da wata fatawar Feinstein a kan gashin kanti da matan aure ke rufe kai da shi, inda ya ce miji mai tsauri ba zai tilasta wa matarsa barin abin da shari'a ta halatta mata ba, tunda hukuncin nata ne.

A nan ne gardamar take. Wanda ya ɗauki Halab Yisra'el a matsayin doka, a idonsa matarsa haramun take sha. Wanda ya ɗauke ta a matsayin tsantseni, a idonsa matarsa ta bar mustahabbi ne kawai. Kwalba biyu a firij za ta iya warware matsalar na biyun. Ta na farkon kuwa ba za ta warware ba, saboda tukwane.

Tukunya da aljihu

A fiƙihun Yahudawa tukunya tana shan ɗanɗanon abin da aka dafa a cikinta da zafi. Masu bin Moses Sofer sau da ƙafa suna ganin tukunyar da aka tafasa madarar kanti a ciki ita ma ta gurɓata. Don haka miji na iya kasa cin taliyar da aka dafa a gidan surukarsa, ko da babu ɗigon madara a ciki. Wasu masu tsaurin kuma ba sa shan madarar, amma suna ci a tukunyar, domin sun yarda fatawar Feinstein na da tushe. Wannan ƙaramin bambanci shi ke yanke ko ma'aurata za su iya yin hutun idi a gidan iyayen amarya. Uwar da ta shekara 30 tana kiyaye kosha, a wayi gari mijin 'yarta ya zo da kofinsa a jaka, ba sai an faɗa mata abin da hakan ke nufi ba.

Sai batun kuɗi. Madarar da aka sa wa ido ta fi tsada, domin sai an biya mai sa ido ya je gona tun kafin a fara tatsa, ya duba tanki, ya rufe shi da hatimi. A Brooklyn ko Lakewood ko Monsey ana samun ta a kowane lungu. A ƙananan garuruwa sai an yi oda ko a yi doguwar tafiya a cika firiza. A gidaje da yawa matar ce ke cefane da girki, wato sau da yawa mai tsantsenin daban, mai ɗaukar wahalarsa daban. Littattafan fiƙihu ba su cika tsayawa a kan wannan ba, amma malaman unguwa da ake kai wa ƙara sun san da shi, shi ya sa sukan sa zaman lafiyar gida, abin da suke kira shalom bayit, a kan sikeli kafin su ba da amsa.

Mafi wuya shi ne idan ɗaya ya canza bayan an ɗaura aure. Wanda ya auri mace a kan sassauci, bayan shekara 10 ya ce a kwashe rabin kayan firij, ya sauya sharaɗin da ba a yi da ita ba. Haka idan matar ce ta ƙara tsauri, ko wani ya gaji ya sassauta.

A Isra'ila matsalar ta ɗan sha bamban. Madarar ruwa da ke ɗauke da shaidar Ofishin Manyan Malaman ƙasar wadda aka sa wa ido ce. Amma ana barin kayan da aka yi da madarar gari ta ƙasashen waje, bisa fatawar tsohon malamin Ƙudus Tzvi Pesach Frank, da sharaɗin a rubuta a jikin kwali cewa na masu yarda da hakan ne. Ma'auratan can kan yi tasu muhawarar ne a gaban kantar biskit da cakulan. Akwai kuma gonakin da kyamara ke sa ido a madadin mutum, abin da wasu malamai suka karɓa wasu suka ƙi.

Yara su ne ke hana a bar zancen a inda yake. A al'ada suna bin uba ne, kuma ga jarirai malamai da yawa, har da masu tsauri, kan sassauta idan likita ya ce ga madarar gwangwanin da ta dace. Amma da sun isa makaranta wani abu ke shigowa. Feinstein, duk da sassaucinsa, ya rubuta cewa makarantun addini su riƙa sayen Halab Yisra'el ko da ta fi tsada, domin aikinsu tarbiyya ne. Makarantu da yawa sun bi wannan, wasu har sukan hana a kawo alewa ko kek ɗin biki da ba shi da tambarin. Yaro ɗan shekara 7 kan dawo gida ya buɗe firij, ya ɗauko kwalbar da mahaifiyarsa ke zubawa a shayinta, ya juya ta yana neman tambarin da malaminsa ya nuna musu a aji.