A Ɗauki Maigadi, Amma Makulli Ya Zauna a Hannun Mai Gida

Duk kamfanin da kwamfutocinsa ke haɗe da intanet, ko asibitin kuɗi ne ko ƙaramin banki ko kantin sari, yana da ƙofa a buɗe dare da rana. Abin da ke tsaye a bakin ƙofar shi ne katangar tsaro, wato na'ura ko manhajar da ke tantance duk saƙon da zai shiga ko zai fita, ta bar wanda ƙa'ida ta yarda da shi, ta tare saura. A ofisoshi da yawa ana sayo akwatin ne a kafa shi a bango, fitilunsa na ƙyaftawa, ƙura na taruwa a kansa, kowa ya ɗauka an gama. Ra'ayina shi ne ƙanana da matsakaitan kamfanoni su miƙa kula da wannan katanga ga ƙwararrun da sana'arsu ke nan, amma alhakin tsaron ya ci gaba da zama a wuyan mai kamfani.

Dalilin farko lissafi ne. Mako yana da awa 168, ma'aikaci kuwa yana yin kamar awa 40. Ke nan sa ido ba dare ba rana yana bukatar aƙalla mutum huɗu ko biyar, alhali yawancin kamfanoni ma'aikacin kwamfuta ɗaya gare su, kuma shi ke gyaran firinta, shi ke jan waya. Ɓarayin intanet sun san lokacin da ofis ke zama kufai. A watan Fabrairun 2016 da aka sace dala miliyan 81 daga asusun Babban Bankin Bangladesh, an aika umarnin fitar da kuɗin ne a daren Alhamis, gab da hutun Juma'a na ƙasar. Ga kuma batun sabunta manhaja. Cutar kwamfuta ta WannaCry da ta durƙusar da asibitoci a Ingila a watan Mayun 2017 ta bi ne ta wata ɓaraka da kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da maganinta tun watan Maris. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma liƙe tsagar aikin kullum ne da ke bukatar mai zama a kansa.

Wani zai ce, ai ba baƙo damar shiga cikin kwamfutocinka ƙarin haɗari ne. Wannan magana tana da nauyi, kuma akwai shaida a kanta. A farkon Yulin 2021 gungun ɓarayin intanet na REvil suka kutsa cikin manhajar kamfanin Kaseya na Amurka, wadda masu kula da kwamfutocin wasu ke aiki da ita, ta nan suka kai ga kamfanoni kusan 1,500. A Suwidin sai da shagunan Coop kimanin 800 suka rufe domin na'urorin karɓar kuɗinsu sun tsaya. Darasin da ke ciki shi ne a zaɓi maigadi da idon basira, a kuma iyakance masa inda zai taka. A rubuta a yarjejeniya cikin minti nawa zai amsa idan ƙararrawa ta buga, da wa ke da ikon canza ƙa'idojin katangar. Babbar kalmar sirri ta zauna a hannun mai kamfani, a riƙa kawo masa rahoto duk wata, a kuma ajiye kwafin bayanai a wurin da hannun ɗan kwangilar ba ya kaiwa.

Akwai kuma kukan tsada, musamman da yake lasisin irin waɗannan na'urori da dala ake biya. Gaskiya ne kuɗin wata-wata yana da zafi. Amma a auna shi da albashin ƙwararru biyar, ko da asarar mako guda da asibiti zai yi ba ya iya buɗe fayil ɗin majiyyata. Kamfanin da ke gadin ɗaruruwan abokan ciniki yana raba kuɗin ƙwararrunsa a tsakaninsu, kuma dabarar da ya ga an gwada a kan ɗaya da safe zai toshe ta ga sauran kafin azahar.

Abin da ba ya miƙuwa shi ne alhaki. A 2013 na'urorin tsaron kamfanin Target na Amurka sun yi gargaɗin an yi kutse, ba a ɗauki mataki a kan lokaci ba, aka kwashe bayanan katin banki kusan miliyan 40. Ƙararrawa ba ta da amfani idan babu mai ikon yanke hukunci da zai tashi. A Najeriya, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta wajabta wa mai riƙe da bayanan mutane ya sanar da hukuma cikin awa 72 idan aka yi kutsen da zai iya cutar da su, kuma ba za ta karɓi uzurin cewa ɗan kwangila ne ya yi sakaci ba. Saboda haka duk mai kamfanin da zai sa hannu a irin wannan yarjejeniya ya fara naɗa mutum ɗaya a cikin gida wanda wayarsa za ta yi ƙara da ƙarfe biyun dare, kuma yana da ikon cewa a kashe komai nan take.